Robar Abarshi Mai Fito

Ni na yanka masa robar da hannuna. Gara in faɗa tun yanzu, don a ƙauyenmu ba a rasa wanda zai riga ka faɗin laifinka. Sunana Haruna, faci nake yi a gindin ɗorawar da ke bakin hanya, a wani ɗan ƙauye gefen Kutemeshi. Mai faci kuwa zaune yake wuni, hannu kan taya, ido kan hanya. Na san wanda ya fita, na san wanda ya dawo, na san har abin da ba a aike ni in sani ba.

Abarshi mai fito ne, amma ba na jirgi ba, na iyo. Akwai rafi tsakaninmu da fadama da hanyar kasuwa. Da rani ko akuya ba ta jiƙa ƙafa a cikinsa. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, ya yi jajir, ya riƙa wucewa da kututtura. Akwai gada, amma da nisa, kuma hanyarta ta cikin daji ta ratsa, dajin nan da ya miƙe har Kamuku, wanda yanzu ba mai shigarsa sai dole ta yi dole. Saboda haka duk tsawon damina, harkarmu a kafaɗar Abarshi take. Yara da kaya yakan sa su a masaki, wata ƙatuwar ƙwarya da yaro zai zauna ciki daram. Babba kuma ya rungumi gora, Abarshi ya riƙe igiyar wuyanta da hannu ɗaya, ya yi iyo da ɗayan har ƙetare.

Gajere ne mai faɗin ƙirji. In ya sa riga sai ka ga ta karkace, don kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu. Magana ba ta dame shi ba. In ka gaishe shi ya amsa, in ka ƙara ya miƙo maka goro don bakinka ya sami abin yi. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, ko kaza ba ta taɓa salwanta a hannunsa ba. Ranar da naƙuda ta zo wa matata Rukayya da gardama, rafi na ta ambaliya, shi ya ƙetare da ita aka kai ta asibiti. 'Yar da aka haifa, Karima, yanzu shekararta bakwai. Ni kuwa ranar a bakin rafi na tsaya ina ta salati, don tsoron ruwa nake ji ba na wasa ba. Tunda nake ban taɓa rungumar gorar Abarshi ba. Duk abin da nake da shi a ƙetare, ya jira rani.

Fito gado ne a gidansu, kuma gadon ya zo da ƙa'ida biyu. Ta farko, ba a ba ruwa hannun hagu. Yadda ba za ka miƙa wa babba abu da hagu ba, haka mai fito ba ya dukan ruwa da hagu. Hagu ta riƙe igiya, dama ta yi iyo, zuwa da dawowa. Ta biyu, ranar da rafi ya fara cika, kafin a ƙetare da kowa, mai fito zai ɗebi ruwa a masaki, ya ɗaga shi sama da kansa da hannu biyu a gaban jama'a, ya juye a jikinsa. Wanda ya kasa, ya rataye gorarsa ke nan. Mutanenmu sun yi imani ruwa yana gane mai rauni, kuma ba mai ba shi ɗansa bayan haka. Uban Abarshi ya kasa wata shekara, masakin ya tsaya masa a ƙirji. Bai ƙara shiga ruwa ba, ya koma tufka igiya a ƙofar gida har ya rasu. Abarshi yana wurin ranar, yana saurayi, shi ya karɓi masakin daga hannun tsohon.

To, ga kuma zamanin da muke ciki. Shekarun nan sun ɓata mu, ba zan ɓoye ba. Tunda mutanen daji suka fara ɗaukar shanu da mutane, kalma ɗaya ta shigo mana, infoma, mai kai musu labari. Ka sayi burodi da yawa, a dube ka. Ka kai waya biyu caji, a dube ka. Ka yi dariya ranar da wasu ke kuka, a riƙe maka ita. Maƙwabcinka ya yi maka sallama, kana amsawa kana tunanin me ya kawo shi. Ni kaina na ƙware a wannan kallo, har nakan ji kamar wani aikin lada nake yi.

Bayan an gama kaka, sai na lura Abarshi ya fara shiga Birnin Gwari. Mutumin da in ba jana'iza ba ba ya hawa babur, sai ga shi duk bayan mako biyu ya tsaya bakin hanya yana jiran ɗan acaɓa. Ya tafi hannu rabbana, ya dawo hannu rabbana. Wane irin zuwa gari ne ba ko ƙullin gishiri?

Sai wata safiya ya zo gindin ɗorawata.

"Haruna, kana da tsohon tiyub?"

"Akwai, Mai fito. Babur ka saya ba mu sani ba?"

"Yanko mini. Faɗin yatsa biyu, tsawon gaba guda."

"Me za a yi da ita?"

"Ɗauri."

"Ɗaurin me?"

"Kai dai yanka."

Na yanka. Ya miƙo mini goro da hannun dama, ya tallafi gwiwar hannun da hagu. Na ɗauka girmamawa ce, har na ji daɗi a raina, na ce yau dattijo ya san darajar mai faci. Bayan mako biyu ya dawo, wai a yanka wata, faɗin yatsa uku. Da aka ƙara kwana biyu, yatsa huɗu. Ba shi da babur, ba shi da keke, ba ya ɗaurin itace, ba ya harbin tsuntsu. Ina robar take zuwa?

Wajen da take zuwa ma na gano. Kullum da hantsi, in maza sun watse, sai ya bi ta bayan gari, ya tsallake busasshen rafin, ya ratsa fadama, ya nufi bakin daji. Da rani ba abin da ke kai mutum can. Rannan na rufe akwatin kayan aikina, na jira sai da na ga ya dawo, sannan na bi sawunsa. A inda fadama ta ƙare daji ya fara, na tarar da itatuwa uku a jere. Kowanne an ɗaura masa baƙar roba, ɗaya daidai ƙugu, ɗaya daidai ƙirji, ɗaya ta ɗara kafaɗa. Ƙasan wurin duk an tattake. Na tsaya ina kallon robar da na yanka da almakashina tana lilo a bakin daji. Mun sha jin cewa infoma kan yi wa mutanen daji alama a itace, su san ta inda za su shigo. Ban taɓa ganin irin alamar ba, amma na ce in akwai ta, to lalle haka take.

Kwana shida na riƙe maganar a cikina. A na bakwai aka kwashe shanun wata ruga da ke yamma da mu, aka kuma ce ta gefen fadama aka bi da su. Da la'asar Mamuda ya kawo babur ɗinsa faci. Shi ne shugaban 'yan sa-kai na ƙauyenmu, mutum ne da aka kashe wa ƙane a gona, kuma tun daga ranar bai ƙara yarda da kowa ba. Ina goga tiyub ina cewa, "Ni fa ban ce komai ba, Mamuda. Roba dai na gani." Na ba shi labari tun daga yatsa biyu har yatsa huɗu. Na roƙe shi kada sunana ya fito. Da ya tafi na ji sanyi a raina, kamar na sauke kaya. Ban tuna da Rukayya a kan gora ba, ko sau ɗaya.

Washegari bayan la'asar aka kira Abarshi zauren Mai unguwa Auta. Zaure ya cika, har waje. Ni na raɓe kusa da ƙofa. Mamuda ya zube robobin uku a tsakiyar tabarma, ya ɗora wata takarda da suka samu a aljihun Abarshi. An zana mutum tsaye kusa da wani abu kamar itace, ga kibiyoyi suna nuna gefe.

Mai unguwa ya ce, "Abarshi, naka ne waɗannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Me suke yi a bakin daji?"

Abarshi ya sunkuyar da kai.

Mamuda ya ce, "Baba Abarshi, da girmanka. Me kake zuwa yi cikin gari? Wa ya ba ka takardar nan? Me ya sa kowane zuwa sai ka ce a ƙara wa robar faɗi? Ƙarami na nufin wani abu, babba na nufin wani abu, ko ba haka ba?"

Abarshi bai ɗaga kai ba. Bai dubi inda nake ba. Ya zuba wa tabarma ido, hannunsa na dama a kan cinya.

"Ranka ya daɗe," in ji Mamuda, "in ba zai yi magana a nan ba, a ba mu shi. Mu mun san inda ake magana."

Kowa a zauren ya san ma'anar haka. Wanda 'yan sa-kai suka tafi da shi da sunan infoma, ko ya dawo, ba ya dawowa yadda ya tafi. Mai unguwa ya sake tambaya, har sau uku, don tare suka yi ƙuruciya. Abarshi ya ce, "Allah ya san ban cuci kowa ba." Daga nan ya ja bakinsa. A raina na ce shi ke nan, mai gaskiya ai ba ya shiru haka.

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa. Matarsa ce, Bara'atu, ta yafa mayafi, ta tsaya inda mata ba su saba tsayawa ba.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Malam, in ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa. Na gwammace in zauna da kai kana tufka igiya da in zauna ba kai."

"Bara'atu, koma gida."

"Ba zan koma ba. Ku ce ya tuɓe rigarsa."

Abarshi ya kama wuyan rigar da hannun hagu, ya zare ta a hankali, hannun dama ya fita a ƙarshe. Kafaɗar nan da muka dogara da ita duk tabo ne, zagayen ƙaho a kan zagayen ƙaho, da tsagar aska jere. Ya ɗaga hannun a gabanmu. Daga ƙasa lafiya, da ya kai daidai kafaɗa sai fuskarsa ta yamutse, ya cije leɓe, ya wuce da shi sama da ƙyar.

Ya yi magana kansa a ƙasa. Ya ce ciwon ya kai shekara biyu, amma daminar da ta wuce ne ya ƙwace, har ba ya iya kwanciya ta wannan gefen. Ya je wajen wanzami a wani gari da ba a san shi ba, aka yi ƙaho. Ya je wajen maɗori, ya ɗaure masa hannun a ƙirji mako uku cikin riga, da aka kwance ma sai ya ƙara sanƙarewa. Bara'atu ce ta matsa masa ya je asibiti, aka tura shi wajen wata mai gashin ƙashi. Ita ta ba shi takardar, ita ta ce ya nemi roba. Bakin daji kuwa, don nan ne kaɗai ba mai ganinsa.

"Na so in warke kafin ruwa ya sauka," in ji shi. "Na ga abin da aka yi wa babana. Ban so a ji ba."

Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma Mamuda bai sauka ba. Ya ce tabo ai kowa na iya yi, kuma mai ciwon kafaɗa ma yana iya zama infoma. Mai unguwa ya yanke cewa da safe Mamuda ya kai shi asibitin, a ji daga bakin matar, a kuma tafi da shaida ɗaya. Ya duba zauren, ya ce, "Haruna, kai ka san robar nan, kai za ka je."

Mu uku a babur ɗaya, Abarshi a tsakiya, ni a baya. Tun daga ƙauye har Birnin Gwari kafaɗar nan tana gaban idona.

Mai gashin ƙashin sunanta Sista Helen, 'yar Gbagyi ce, doguwa, mai saurin magana. Tana ganin Abarshi ta ce, "A'a, Baba! Yau ba ranarka ba ce. Lafiya?" Sai ta ga Mamuda da irin tsayuwarsa, ta ga ni ina sosa ƙeya. Mamuda ya ajiye takardar da robobin a kan tebur, ya faɗi abin da ya kawo mu. Ta dube shi, ta dubi robar, ba ta yi dariya ba.

"Baba, ka yarda in yi magana a gabansu? Ciwonka ne, ba nasu ba."

"Faɗa musu, 'yar nan. An riga an ji."

Ta kama hannun Mamuda da kansa ta ɗora yatsansa a kan kafaɗar shi Mamudan. "Taɓa nan. Akwai jijiyoyi da suke riƙe da kan hannu, suna bi ta ƙarƙashin wannan ƙashin. Duk ɗagawa ɗaya da Baba ya yi a ruwa, su suke aiki. Shekara talatin da wani abu, hannu ɗaya, yana jan mutum a baya. Jijiyar ta gaji, ta kumbura. Ba karaya ba ce, ba sammu ba ne, ƙaho kuma ba ya kaiwa wurin. Ɗaure hannun da aka yi ma ya ƙara masa."

Ta ɗaura robar a ƙarfen taga, ta naɗe ɗan tsumma ta sa wa Abarshi a hammata. Ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya ja robar waje a hankali, ya mayar a hankali. "Wannan ta daidai ƙugu ke nan," in ji ta. Ta ɗaga ɗaurin zuwa ƙirji, ya ja da hannu biyu zuwa jikinsa, allunan kafaɗarsa suka matso juna. "Wannan ta biyu. Ta saman kuma bai daɗe da fara ta ba. In ƙarfi ya ƙaru, a ƙara wa robar faɗi. Ga zanen nan a takarda, ni na yi da birona don Baba ba ya karatun boko. Wannan da kuke cewa itace, ƙofa na zana. Na ce masa ya ɗaura a ƙofar ɗakinsa. Ban san daji ya tafi ba!"

Ta juya kan Abarshi. "Baba, in ruwa ya zo, ka tuna abin da na ce. Ka motsa kafaɗa ta yi ɗumi kafin ka shiga. Ka huta tsakanin ƙetarewa. In ka ji suka, ka tsaya ranar. Kuma ka riƙa sauya hannu, zuwa da hagu, dawowa da dama."

"Ba a ba ruwa hagu," in ji Abarshi.

"Ni ban san ruwa ba, Baba, kafaɗa na sani. In ka koma dama ita kaɗai, daminar bana ce ta ƙarshe."

Da za mu fita ta ce, "Wane ne ma ya ga roba ya ce alama ce?" Mamuda ya yi kamar bai ji ba. Ni kuwa na duƙa ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Mamuda ya ba da haƙuri a gaban Mai unguwa, aka ce magana ta wuce. Amma zargi a wurinmu ba ya wucewa, wurin zama yake sauyawa. An daina kallon sawun Abarshi, aka koma kallon kafaɗarsa. Mata a bakin rijiya suna cewa su kam ba za su sa 'ya'yansu a masakin mai ciwo ba. Maza suna cewa ashe daminar bara ma da rauni ya ƙetare da mu, bai faɗa ba, wa ya san abin da yake ɓoyewa kuma? Abin da ya guda har ya kusa ba da ransa a kai, shi ya same shi, kuma ni na jawo masa.

Shi kuwa tunda asiri ya tonu, sai ya bar zuwa daji. Ya kwaso robobinsa ya ɗaura a jikin ɗorawata. Kullum da hantsi ya zo, ya yi mini sallama, ya sa tsumma a hammata, ya yi ta ja a gabana. Bai taɓa ce mini komai ba. Ni kuma na kasa gane ko ya sani ko bai sani ba. In ya miƙo goro sai in ta juya shi a hannu. Wata biyu muna haka, ina faci yana ja, har ya ce a yanka mai faɗin tafin hannu.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, sannan aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo. Ranar kasuwa ce. Gari duk ya taru a bakin mashigi, masu kaya da masu kallo, masu kallon sun fi yawa. Abarshi ya zo da gora da masaki. Ya tsaya yana jujjuya kafaɗu, yana wurga hannu gaba da baya, abin da ba a taɓa ganin mai fito ya yi ba. Wasu suka fara ƙus-ƙus. Ya ɗebi ruwa a masaki, ya jawo shi ƙirji. Nan na babansa ya tsaya, kowa ya sani. Ya ja numfashi, masakin ya wuce haɓa, ya wuce goshi, a hankali, ba kamar da ba da yake cilla shi sama. Ya miƙe hannu biyu, ya juye ruwan a kansa.

Ba wanda ya yi kabbara. Wani a bayana ya ce, "Ka ga yadda ya daɗe?" Wani ya ce, "Hannun ya yi rawa." Abarshi ya shiga ruwa zuwa ƙugu, ya riƙe igiyar gora, ya juyo yana jira. Ba wanda ya matsa. Masu buhu suka tsaya kan buhunansu. Wani ya ce gara a haɗu a bi ta gada, 'yan sa-kai su yi rakiya. Abarshi yana tsaye cikin ruwa, ruwan masaki na ɗiga daga gemunsa, yana duban mutanen da ya ƙetare da iyayensu.

Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na ji Rukayya ta ce, "Malam, kai?" Wani ya yi dariya, ya ce yau mai faci zai sha ruwa. Na shiga, sanyi ya kama ni har ƙirji, na rungumi gorar kamar zan fasa ta.

"Kwantar da ƙirjinka a kai," in ji Abarshi. "Kada ka dubi ruwa, dubi ni."

Na dube shi. Ya naɗa igiyar a hannun dama, ya miƙa hagu ya daki ruwa. Daga bakin gaɓa na ji tsofaffi sun ɗauki salati. Ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafata. Ruwan yana jan mu gefe, shi yana yanka shi a karkace, hagu na shiga tana fita, ba gaggawa. Ni dai jira nake ruwa ya yi fushi, in ga ta inda zai fara. Muna tsakiya, inda ya fi ƙarfi, sai ya juyo da fuskarsa.

"Haruna."

"Na'am, Mai fito."

"Riƙe da kyau. Na san kai ka kai ni."

Na buɗe baki, ruwa ya shiga. Na yi tari, na ce, "Mamuda ne ya faɗa maka?"

"Wa ya san ana ƙara wa robar faɗi, in ba mai almakashi ba? Tun a zaure na sani."

Igiyar tana hannunsa. Daga ni sai shi sai ruwan da ban iya ba. Na dubi hannun daman nan da ke riƙe da ni, kuma wallahi, kunya ce faɗa amma zan faɗa, sai da na yi tunanin ko zai saki. Bai saka ba. Ya juya ya ci gaba da iyo, har na ji yashi a ƙarƙashin ƙafata.

Na rarrafa na hau gaɓa, na zauna ina haki. Na ce, "Ka yafe mini, Mai fito." Ya zauna cikin ruwan gefe yana hutawa kamar yadda aka ce masa, yana murza kafaɗar.

"Zauna nan," ya ce. "Tunda sa ido ka iya, ka sa wa kafaɗar. In ka ga wani abu, wannan karon ni za ka fara gaya wa."

Ya sauya igiyar zuwa hagu, ya koma da dama. Na bi shi da kallo har ya isa. A can gaɓar mutane na nan tsaye cirko-cirko, ba wanda ya ɗauki buhu. Sai na ga mace ɗaya ta ratso su, riƙe da hannun yarinya. Rukayya ce. Ta ɗaga Karima ta zaunar da ita cikin masaki, ta gyara mata ɗankwali, ta ja da baya.

Na miƙe tsaye. Na so in yi ihu in ce a dakata, a fara gwadawa da buhu. Na rufe bakina da hannu biyu. Abarshi ya naɗa igiya a dama, ya ba ruwa hagu, ya taho da 'yata.